Gwiwar Illo Dutsin Gulbi

A Tsibiri kowa ya san Illo ba ya durƙusawa. In zai gaida babba, tsugunawa yake yi bisa yatsun ƙafa, gwiwoyinsa a sama kamar mai shirin tashi da gudu. Sallah kaɗai ke kai gwiwarsa ƙasa. Tsofaffi sun daɗe da daina yi masa magana a kan haka, don sun san mafarin abin.

Shekara tara ke nan da faruwarsa. A lokacin shi ne Illo Dutsin Gulbi, ɗan kokowar da in ya shigo fili mata ke guɗa tun bai tuɓe riga ba. Ranar da ake tace waɗanda za su wakilci jiha a filin kokowa na Maraɗi, aka haɗa shi da wani siririn saurayi daga wajen Dakwaro, wanda ko makaɗi bai zo da shi ba. Saurayin bai ɗaga shi ba, bai maka shi da ƙasa ba. Da haka aka yi, da da sauƙi, don an sha kada manyan da suka fi Illo. Wuyansa kawai ya kamo ya fizgo, ƙafar Illo ta zame, sai ga shi gwiwa biyu a rairayi yana kallon cibiyar yaron. A dokar kokowa kuwa gwiwa biyu a ƙasa kaye ne. Wani mai bakin tsiya cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce, "Illo ya gaida yaro!" Fili ya ɗauki dariya. Makaɗinsa, wanda ya shekara bakwai yana cin tuwon gidansa, bai ko ƙarasa waƙar da ya faro ba ya juya ganga wajen mai nasara.

A ranar Illo ya rantse gwiwarsa ba za ta ƙara taɓa ƙasa a gaban ɗan Adam ba. Ya kwance layunsa ya zuba a tukunya, bai sake shiga fili ba. 'Yan rakiya suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama. Matarsa Zuliha ce ta zauna, har ciwon ƙirji ya ɗauke ta shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, Tahira, tana aure can Jibiya, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin direbobi.

Yanzu dako yake yi a kasuwar hatsi ta Maraɗi. Kullum da safe ya hau kekensa daga Tsibiri, ya wuni yana ɗora buhunan wake da aya a manyan motoci, da yamma ya koma gidan da ba wanda zai ce masa sannu da zuwa. Akwai ranar da ya lura tun safe bai furta komai ba sai "ɗora" da "sauke".

Da can yana da wurin zama, gindin bishiyar bedi a bakin rumfar Abdu mai gyaran keke, inda ake shan shayi. To, sai dimokuraɗiyya ta zo, jam'iyyu suka yi yawa har mutum ba ya iya riƙe sunayensu. Bencin Abdu ya rabu biyu, butar shayi ma ta zama biyu. 'Yan wannan gefe suka zo wa Illo, suna so ya riƙa tafiya gaban motar ɗan takararsu ƙirji a waje. Ya ce a'a. 'Yan wancan gefe suka zo da irin wannan magana, ya ce a'a. Sai kowane gefe ya yanke cewa ɗayan ne ya riga shi saye. Haka mutane suke, ba su yarda akwai wanda so yake kawai a ƙyale shi ba. Aka kuwa ƙyale shi, ƙyalewar da ta fi wadda ya nema. In ya yi sallama a gindin bedi sai hira ta mutu, a amsa masa a taƙaice, a jira ya wuce.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, bayan kaka, wata Litinin da la'asar ya biyo ta bayan tsohon gidan samariya. Tun da aka rusa samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin soja, awaki ke hutawa a barandar gidan. Sai ya ji wani ihu guda ya fito daga ciki, gajere, mai kauri, na mutane da yawa amma kamar na mutum ɗaya. Ya jingine keke ya leƙa ta taga. Maza goma sha huɗu ne cikin fararen kaya, ba takalmi, suna takawa tare, suna kai naushi ga iska tare, har numfashinsu tare yake fita. Ya san karate, ana gani a silima, ya kuma ɗauke shi rawar 'yan lakwal, yaran makarantar boko. Amma bai bar tagar ba sai da aka kira magariba.

Ranar Laraba ya dawo. Ranar Asabar ma haka. A ta ukun ne malamin ya zo bakin taga, wani ɗan gajere mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Sunansa Hafizu, malamin wasanni ne a kwaleji, amma makarantu a rufe suke saboda yajin aiki. Kowa Metir yake ce masa, wato malam da Faransanci.

"Malam, kallo kake ko shiga za ka yi? Taga ba ta koya ma kowa komi."

Illo ya ce, "Ni na tsuhwa da wasan yara."

"To mi ya kawo ka har sau ukku?"

Illo ya kawar da kai. Ba ya iya ce wa mutumin da bai sani ba, na zo ne in ji mutane suna numfashi tare.

Metir ya ce, "Dokarmu ukku ce. Takalmi a ƙohwa, hula a ƙohwa, siyasar parti a ƙohwa. In ka yarda, ga Hamidu tela can, ya auna ka."

Hamidu ya ɗinka masa kimono, kayan karate, na farin akoko, sai da ya ƙara ƙyalle a kafaɗa sau biyu. Ranar farko Illo ya shigo yana jin kansa kamar wanda aka yi wa likkafani da rai. Aka nuna masa wurinsa a sahu. A nan ba a duba shekaru, ɗamara ake dubawa: masu baƙa da ja-ja a dama, sai masu kore, sai masu ruwan ɗorawa, fararen ɗamara a ƙarshe. Illo mai shekara arba'in da biyu ya tsaya can ƙarshen hagu, kusa da randar ruwa, bayan Abdulmutallib mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalba, wanda tumbi ya koro shi karate. Wannan bai dami Illo ba ko kaɗan.

Sai Metir ya tsaya a gabansu ya faɗi wata kalma. Gaba ɗaya sahun ya sauka, gwiwa biyu a siminti, suka zauna bisa dugadugansu, suka runtse ido. Da haka ake buɗe kowane darasi, da haka ake rufe shi. Ta taga Illo bai taɓa ganin wannan ba, don kullum a makare yake zuwa, kiran magariba kuma ke tada shi. Gumi ya karyo masa. Ya tsuguna bisa yatsun ƙafa, irin tsugunonsa na Tsibiri.

Metir ya buɗe ido ɗaya ya dube shi. "Gwiwar ciwo gare ta?"

Illo ya ce, "Ciwo gare ta, Metir. Buhu ya taɓa hwaɗo mani."

"Allah ya sawwaƙe. Zamna yadda kake iyawa."

Ƙarya ce tsagwaronta, ta kuwa fita ba tare da ta sarƙe ba. Daga ranar Illo ya ƙirƙiri ɗan ɗingishi, wanda yakan tuna da shi in zai shigo, ya manta da shi in an fara tsalle.

Koyon bai zo masa da sauƙi ba. Jikin ɗan kokowa ya saba da sunkuyo, hannu a buɗe yana neman abin kamawa. A nan kuwa ana so ka miƙe baya, ka dunƙule hannu, ka kai naushi da dukan ƙarfinka, sa'an nan ka tsaida shi saura kaɗan ya taɓa hancin abokinka. Wannan tsaidawar ce ta fi ɗaure masa kai. Mene ne amfanin ƙarfin da ba za a sauke shi a kan kowa ba? Ƙidayar ma ta wani yare ce, ya yi mako biyu yana motsa baki kawai. Ihun kuwa, shi da muryarsa ta taɓa cika fili, da aka ce ya yi shi kaɗai sai wata 'yar ƙara ta fito, har Abdulmutallib ya tambaya ko akuya ce ta shigo.

Wanda aka haɗa shi da shi sunansa Shamsu, mai koren ɗamara, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu daga Jiratawa. Ya gama karatu aiki bai samu ba, ya koma yana taya mahaifiyarsa noman rani. Shamsu ba ya gajiya da maimaitawa. Sai ya kama gwiwar hannun Illo ya mayar da ita ciki, ya ce, "Baba Illo, ku ruhe nan. Ba kamawa za ku yi ba, turawa za ku yi." In Illo ya yi daidai sau ɗaya cikin goma, Shamsu zai yi murna kamar an yi masa bushara.

A gida, bayan ya ci tuwon saye, Illo kan taka matakan da aka koya masa a tsakar gida, tsakanin turmin Zuliha da katanga, yana ƙidaya a hankali kada maƙwabta su ji su ce abin ya kai ga taɓuwa.

Amma ba naushin ne ke sa shi taka keke da sauri ranakun Litinin, Laraba da Asabar ba. In an tashi, an yi magariba a baranda, Abdulmutallib kan hura gawayi ya ɗora shayi. A wurin akwai 'yan jam'iyya uku ko huɗu, kowa ya san na kowa, amma dokar ƙofa tana bin su har baranda. Hirar ba ta mutuwa in Illo ya zauna. Wata rana ya daɗe wajen alwala, yana dawowa ya ji Hamidu na cewa, "Kai, ku bar ma Baba Illo nashi." Aka miƙo masa ɗan kofi da aka rufe da murfin buta. Maganar nan ya goya a keke har Tsibiri, yana ta juya ta a ransa. Rabon da a ajiye masa wani abu tun rasuwar Zuliha.

Wata biyu aka yi haka. Sai wata Asabar Metir ya ce yau fararen ɗamara za su ɗanɗana faɗan gwaji, a hankali, ba taɓawa. Aka yi da'ira. Illo da Shamsu suka shiga tsakiya. Da'irar ce ta fara rikita shi: mutane kewaye, shi a tsakiya, ƙafa ba takalmi, wani a gabansa yana zagayawa. Shamsu ya kai naushi biyu, Illo ya kare. Shamsu ya yi murmushi ya matso sosai, hannunsa na hagu ya shafi ɗamarar Illo.

Illo bai yanke shawarar komai ba. Hannunsa ne ya buɗe da kansa, ya shige ƙarƙashin cinyar Shamsu, ɗayan ya kamo ƙugu, ƙirji ya ɗaga. Shamsu ya tashi sama ƙafafu na harbin iska, ya sauko da kafaɗa. Nan kuwa ba rairayi, siminti ne. Aka ji ƙas.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce tsautsayi. Amma Illo ya riga ya tafi shekara tara baya. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya buga ƙafa, ya zagaya da'irar, muryar nan da ta ƙi fitowa wata biyu ta fashe har kwanon rufi ya amsa: "Sai ni Illo, Dutsin Gulbi! Ruwa ya wuce ina nan!"

Ba ganga, ba guɗa. Sai nishin Shamsu a ƙasa. Illo ya tsaya da hannu a sama, ya dubi fuskoki goma sha uku, ya sauke hannun a hankali.

Hamidu tela ya ce, "La'ilaha illallahu. Dutsin Gulbi ne. Ai ina cikin hilin ranar da..." Sai ya kama bakinsa. Bai ƙarasa ba, amma Illo ya ga sauran maganar a idonsa.

Metir bai ko dubi Illo ba sai da ya ɗaure hannun Shamsu da ɗamararsa, aka ɗora shi a babur zuwa wajen maɗori. Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Da ya dawo ya sallami kowa, ya ce Illo ya tsaya. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin kimono.

"Karayar Shamsu tsautsayi ce, Malam Illo. Jiki bai mance abin da ya saba, ni ma da laihina da ban tambaye ka ba. Amma gwiwar da ta ɗaga mutum sama haka, lahiyarta lau. Wata biyu kana kallon idona kana ɗingishin ƙarya."

Illo ya sunkuyar da kai. "Na yi rantsuwa, Metir. Ba ni durƙusa ma mutum."

"Mu da kake gani muna durƙusawa kullum, wa ya kada mu? Ni ma da nake gaba, ba durƙushe nake ba?" Ya mayar da gilashin. "Rantsuwa tana da kahhwara, ka tambayi malamai. Ka tahi Jiratawa ka ga yaron nan. In ka dawo ka sauka a sahu kamar kowa. Ranar da ka shirya, ƙohwa buɗe take."

Illo ya tambayi limamin unguwarsu. Liman ya ce abu ne mai sauƙi, ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumi uku. Illo ya fito daga zauren ransa a ɓace, don ya so a ce masa abin ba ya warwaruwa. Nan ya gane ba rantsuwar ce ke riƙe da shi ba. Abin da yake gani in ya runtse ido shi ne kansa gwiwa biyu a siminti, Hamidu na kallo, gobe kuma maganar ta isa kasuwa: Illo ya sake gaida yaro.

Mako uku bai bi ta gidan samariya ba. Ya canza hanya, yana zagayawa ta bayan tasha. Ya wanke kimono ya ninke ya sa a tukunyar da layu suke. Ranakun Litinin, Laraba da Asabar suka fi kowace rana tsawo. La'asar na yi sai ya ji jikinsa ya tashi, ba kuma inda za shi. Kaɗaicin da ya saba da shi a da ya dawo ya tarar ya yi masa nauyi, don yanzu ya san akwai inda ake rufe masa shayi da murfin buta. Jiratawa kuwa kullum sai ya ce gobe.

Wata Talata yana ƙarƙashin buhu ya ji an kira sunansa. Hamidu ne, da tef ɗin awo a wuya.

"Baba Illo, an yi ma Metir canjin wurin aiki. Ngigmi anka tura shi, can bakin tabkin Cadi. Gwamnati ta sake hannu, wai shi ɗan wancan gehe ne, mutumin da ko kati bai da shi. Jibi Alhamis zai tahi. Gobe ne darasin ƙarshe. Ya ce in hwaɗa maku ku zo, ko ba ku je Jiratawa ba."

Illo ya ce, "To."

Ya kuwa zo. Ya ciro kimono ya ɗaure a bayan keke, ya iso tun ba a fara ba. Amma bai zagaya ta ƙofa ba, a bayan katanga ya tsaya, ƙarƙashin tagar da ya fara leƙawa. Yana jin tafin ƙafafu suna jeruwa. Ya san abin da ke biye, kalmar nan da za ta saukar da sahu. Kalmar ba ta zo ba. Shiru ya yi tsawo, wani ya yi tari, wani ya gyara tsayuwa. Illo ya san shi ake jira. Tsakaninsa da ƙofa bai fi taku ashirin ba. Ya damƙe ƙahon keke har yatsunsa suka yi sanyi, yana ce wa kansa bari ya ƙirga goma, da ya kai goma ya sake farowa. Can ya ji muryar Metir ta faɗi kalmar, ƙasa-ƙasa, ya ji gwiwoyi sun sauka a siminti. Ya tura kekensa da ƙafa har ya yi nisa kafin ya hau.

Ranar Juma'a da safe ya kama hanyar Jiratawa, ranar da zuwan ba zai ƙara gyara komai tsakaninsa da Metir ba. Aka nuna masa gonar su Shamsu, can ƙarshen kanal, magudanar ruwan noman rani. Lokacin dashen albasa ne, an sako musu ruwa tun asuba, kuma in ba a dasa ba kafin ƙasa ta sha iska, sai wani zagayen. Ya hango Shamsu a cikin fangali, hannun dama a ɗaure da ƙirji, gwiwa biyu cikin laka, yana soka iri da hagu ɗaya bayan ɗaya. Bai ci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Illo ya yi sallama. Duk maganar da ya tsara a hanya ta gudu.

Shamsu ya ɗago, fuskarsa ta washe. "A'a! Baba Illo! Ku ne da kanku? Sannunku da hanya."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi. Maɗori ya ce saura sati ukku."

Illo ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya ɗebi damin iri ya shiga fangali na gaba. Tsugune ya yi dashen, yana ja da baya, har rana ta take. Mahaifiyar Shamsu ta kawo fura, ta dubi ƙaton da ya karya mata ɗa yana dasa mata albasa, ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Sannu da aiki," ta juya. Suka zauna a bakin kanal.

Illo ya ce, "Shamsu, ka yahe mani. Ban san lokacin da..."

"Haba Baba, ya wuce. Ni hwa har na ji daɗin iska kahin in sauka." Ya yi dariya, dariyar ta taɓa ƙashin, ya yamutsa fuska. Sai ya mayar da ido ga ruwa. "Shekaranjiya na je, ko da ba ni iya komi. Metir ya daɗe tsaye yana kallon ƙohwa. Ban taɓa ganin ya makara da buɗe darasi ba sai ranar."

Illo bai ce yana bayan katanga ba. Ya ajiye ƙwaryar furar.

Shamsu ya laluba aljihu ya ciro makulli ɗaure da zare. "Ni ya bar ma wannan. Manyanmu biyu sun koma Yamai, an ce za a buɗe jami'a. Sauran kuwa cewa suke ba Metir ba kulob. Jiya ma na ji Abdulmutallib da Hamidu sun yi cacar baki kan zaɓe, abin da ba su taɓa yi ba. Litinin zan buɗe dai. Ban san wa zai zo ba."

Illo ya ɗauki azumi Asabar da Lahadi da Litinin. Ranar Litinin ya bar kasuwa da wuri, ya tarar da Shamsu yana fama da kwaɗo da hannu ɗaya. Ya karɓa ya buɗe. Suka kori awaki daga baranda, Illo ya share ɗakin, ya ɗebo ruwa ya cika randa. Ya sa kimono, ya taimaka wa Shamsu ya rataya nasa a kafaɗa. Suka zauna jira. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai su dubi ƙofa, babur ya wuce. Rana ta sauka daga taga zuwa ƙasan bango, ba wanda ya zo.

Shamsu ya ce, "Ko mu bari sai Laraba?"

Illo ya ce, "Buɗe darasi."

Shamsu ya je ya tsaya inda Metir ke tsayawa, yana jin kunya, da koren ɗamararsa da hannunsa a ɗaure. Illo ya taka tsawon ɗakin har ƙarshen hagu, kusa da randa, ya juyo ya haɗa ƙafa. Shamsu ya faɗi kalmar.

Illo ya sauke gwiwar hagu, sa'an nan ta dama, a gaban yaron da ya kayar. Simintin da sanyi. Abin da ya shekara tara yana gudu ke nan, bai ɗauki ko numfashi biyu ba. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda zai yi, don ba kowa. Ya runtse ido, baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ya ga Metir tsaye yana kallon ƙofa, ya ga taku ashirin ɗin nan da ya kasa yi.

Da suka buɗe ido, Shamsu ya dubi filin da ke tsakaninsu, wurin mutum goma sha uku, ya ce, "Baba, ku matso kusa mana. Mu biyu ne."

Illo ya goge fuska da hannun kimono. Ya ce, "Bar ni nan. In sun dawo, kar su iske na tare masu wuri."